Wasa 15 cikin kwana biyar: gasar ƙwallon kwandon matan SEC daga Greenville

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ga ni a Greenville, jihar Carolina ta Kudu a nan Amurka, yau Lahadi 9 ga Maris 2025. Ginin da kuke gani a bayana shi ne Bon Secours Wellness Arena, zauren da ke cin mutum wajen 15,000. Waɗannan da ke ta ɓulɓulowa da jajayen riguna masu duhu magoya bayan jami'ar Carolina ta Kudu ne, daga garin Columbia suka zo, tafiyar kilomita 160 ko kusa da haka. Yanzu aka tashi daga wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwandon mata ta SEC. Carolina ta Kudu ta ci 64, Texas 45. Chloe Kitts ce aka zaɓa gwarzuwar gasar, an kafa tsani a ƙarƙashin kwando, 'yan wasa suna hawa ɗaya bayan ɗaya da almakashi kowace tana yanko zaren raga ta riƙe na tarihi.

Sakamakon kam kuna iya ganinsa a waya. Abin da nake so in warware muku shi ne yadda aka gina gasar, don wanda ya fahimci ginin zai gane cewa rabin wasan yau tun watan Janairu da Fabrairu aka buga shi.

Jami'o'in da ke babban matakin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sun haura 350, ba zai yiwu kowa ya kara da kowa ba. Shi ya sa aka kasa su gamayya-gamayya, kowace gamayya da shugabanta da jadawalinta da yarjejeniyarta ta talabijin. SEC gamayyar kudu maso gabashin ƙasar ce, kuma jami'o'i 16 ne a cikinta tun da Texas da Oklahoma suka shigo a 2024. Kaka tana farawa a Nuwamba da wasannin waje, sai a shiga wasannin cikin gida na gamayya daga farkon Janairu. Kowace ƙungiya tana buga 16: ta haɗu da sauran 15 sau ɗaya-ɗaya, sai ta maimaita da guda ɗaya. Teburin da ya fito daga wannan shi ne ke ba kowa lambarsa, daga 1 zuwa 16. Wannan lambar ita ce komai a makon nan.

Ku duba takardar nan da ke hannuna, bari in matso da ita. Ranar Laraba ƙungiyoyi takwas na ƙasa ne kawai ke fitowa: ta 9 da ta 16, ta 12 da ta 13, ta 10 da ta 15, ta 11 da ta 14. Sili ɗaya ƙwale ne, wadda aka doke motarta na jiranta a waje. Alhamis masu lamba 5 zuwa 8 su shigo su tari waɗanda suka tsallake. Manyan huɗu kuwa ba sa taɓa ƙwallo sai Juma'a. Asabar wasa biyu na kusa da ƙarshe, Lahadi na ƙarshe. Huɗu, huɗu, huɗu, biyu, ɗaya, wasa 15 ke nan.

Yanzu ku yi lissafin da ni. Wasan matan jami'a zubi huɗu ne, kowanne minti 10, jimilla minti 40. 'Yan wasa biyar ne a fili, don haka kowane wasa yana cin minti 200 na ƙafafun mutane. Ƙungiyar da ta fara ranar Juma'a tana buƙatar minti 600 ta ɗauki kofi. Wadda ta fara Laraba sai ta biya minti 1,000 cikin kwana biyar a jere, babu ranar hutu ko ɗaya. Idan kociya mutum bakwai kawai ta yarda da su, kowace za ta ɗauki minti 28 da ɗoriya a kowane wasa, taurarin ma su kai 35 ko fiye. Idan tana da goma da za ta iya sakawa hankalinta kwance, nauyin ya sauko zuwa 20. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan ne Dawn Staley ta fi kowa a gamayyar nan. Tun 2008 take horar da Carolina ta Kudu, kofin yau shi ne na tara da ta ɗauka a wannan gasa daga 2015. Wadda ta fi ci musu maki a kakar bana, Joyce Edwards, 'yar shekarar farko ce kuma daga benci take tasowa. Bara ma MiLaysia Fulwiley daga benci ta taso ta ci maki 24 a wasan ƙarshe, aka ba ta gwarzuwar gasa. Idan abokan karawa suka cire manyansu don su sha iska, ita sai ta sako wasu manyan.

Gajiya a wannan wasa ba a fuska take fara nunawa ba. Ku riƙa kallon inda ƙwallo ke bugawa a bakin kwando. Jifa daga nesa ƙarfinta daga ƙafa yake tasowa, layin maki uku kuma mita 6.75 ne daga kwando. Idan cinya ta mutu, ƙwallon ba ta kaiwa, sai ka ga tana ta dukan gaban ƙarfen tana dawowa. Alama ta biyu ƙeta ce, wato laifin da 'yar wasa ke yi wa abokiyar karawa. Mai tsaron da ƙafarta ta makara da taku ɗaya, hannu za ta miƙa, alƙali kuma ya busa. Kowace 'yar wasa ƙeta biyar gare ta a fitar da ita daga wasan gaba ɗaya. Ƙungiya kuma da zarar ta kai ƙeta ta biyar a zubi ɗaya, daga ita ta biyar ɗin da duk wadda ta ƙara jifan kyauta biyu za a bai wa abokan karawa har zubin ya ƙare. Saboda haka ƙungiyar da ta cika biyar ɗinta saura minti shida a zubi, ta buɗe wa kanta ƙofar asara: ana ta cin ta maki agogo a tsaye. Sannan idan doguwar da ke tsare ƙarƙashin kwando ta ɗauki ƙeta biyu tun zubin farko, yawancin masu horarwa za su zaunar da ita har hutun rabin lokaci, a nan ne ake sanin ko akwai mai maye gurbinta.

Florida ta nuna mana wannan a makon nan. Da lamba 11 ta shigo, ta ci Laraba, ta kayar da Alabama ranar Alhamis, abin a yaba. Ranar Juma'a ta haɗu da LSU, jami'ar jihar Louisiana, wadda ta kwana biyu tana kallo daga otal, aka zuba mata maki 101. Ba wai sun manta yadda ake tsaro ba ne cikin dare ɗaya. Wasa na uku ne cikin kwana uku.

To ga abin da ya fi jan hankalin mutane a bana. Carolina ta Kudu da Texas sun gama kaka da ci 15, faɗuwa ɗaya kowace. Su ne kuma aka haɗa sau biyu: Carolina ta ci a gidanta 67 da 50 a Janairu, Texas ta rama a Austin 66 da 62 a Fabrairu. Dokar raba gardama ta ce a fara duba karawarsu, an yi kunnen doki. Sai a duba yadda kowace ta yi da ta uku a tebur, da ta huɗu, har ƙasa. Duka biyun sun cinye kowa. Da matakan suka ƙare, shugaban gamayya Greg Sankey ya jefa kwabo a gaban kyamara ranar 2 ga Maris, ya faɗo wa Carolina. Kambun kaka an raba musu shi su biyu, amma lamba 1 mutum ɗaya ke riƙe ta.

Wani zai ce ai lamba 1 da lamba 2 duk Juma'a suke farawa, ina bambancin? Akwai shi, har kashi biyu. Na farko, mai lamba 2 ɓangarenta ɗaya da mai lamba 3, wato LSU, sai da Texas ta yi gumurzu da su jiya aka tashi 56 da 49, irin wasan da kowane maki sai an ci duka. Carolina kuwa Oklahoma ta samu, ta ci 93 da 75. Na biyu shi ne agogo. Mai lamba 1 ce ke buɗe fili da rana ranar Juma'a, ita ke buga wasan farko ranar Asabar. Mai lamba 2 da dare take bugawa duka ranakun. Ƙari a kan haka, daren jiya ne Amurka ta tura agogonta gaba da awa ɗaya kamar yadda take yi duk Lahadi ta biyu a watan Maris, wasan ƙarshe kuma ƙarfe uku na rana. Texas ta bar ginin nan cikin dare, ta ci abinci, ta shiga ruwan ƙanƙara, ta kalli bidiyon abokan karawa, ta kwanta a daren da aka yanke wa awa guda. Ba zan ce kwabo ne ya ci wasan yau ba, tsaron Carolina ne ya ci, tazarar maki 19 ta fi ƙarfin uzurin barci. Amma ni a ganina bai dace a bar abu mai nauyi irin wannan a hannun ƙuri'a ba. Ga bambancin maki a karawarsu biyu, ga ma'aunin ƙarfin ƙungiyoyi da NCAA ke amfani da shi, duk sun fi kwabo kusa da adalci.

Bari mu tsallaka titi, hayaniyar 'yan badujala ta yi yawa a nan.

Shirin wasa a irin wannan mako daban yake da na kaka. A kaka kociya tana da kwana biyu ko uku ta nazarci abokan karawa. A nan ba ka sanin da wa za ka haɗu sai wasan da ke gabanka ya ƙare. Don haka mataimakan koci suke raba aiki tun kafin a taso: wannan ya ɗauki ƙungiya kaza, wancan ya ɗauki ɗayar, kowa ya haɗa takardarsa da guntayen bidiyonsa, wadda aka fitar a jefar da tata. Atisaye mai nauyi babu shi. Sau da yawa a babban ɗakin taron otal ake manna salatif a ƙasa a zana siffar fili, a taka dabarun a hankali ba gudu. Kuma tunda kowa ya riga ya kara da kowa a kaka, babu sirri. Kowa ya san hannun da tauraruwarku ta fi so da kusurwar da take tsayawa. Shi ya sa maki kan yi ƙasa idan an zo Asabar da Lahadi, sai wanda ya fi cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando ya yi galaba. Agogon jifa daƙiƙa 30 ne, idan kuka jefa ta taɓa ƙarfe kuka sake cafkewa, a mayar muku da shi 20. Kowace irin wannan cafka ƙarin daƙiƙa 20 ce ta tsaro a kan ƙafafun da suka riga suka gaji.

Akwai wata doka ta ƙarshen wasa da ya kamata mai kallo ya sani. A cikin minti na ƙarshe na zubi na huɗu, ƙungiyar da ƙwallo ke hannunta idan ta nemi ɗan hutun shawara, tana iya zaɓar a kai mata ƙwallon ɓangaren abokan karawa ta jefo daga gefe. Filin mita 28 da ɗoriya ne, wannan doka tana yanke fiye da rabinsa ba tare da agogo ya motsa ba. Kociyar da ta ƙarar da hutunta tun zubi na uku don ta tsayar da ruwan maki, za ta neme shi a ƙarshe ta rasa.

Daƙiƙa ɗaya ma tana da daraja. A wannan zauren, bara, wasan kusa da ƙarshe, Tennessee tana gaban Carolina ta Kudu 73 da 71, saura daƙiƙa 1.1. Suka tsare duk masu jifan nesa suka bar Kamilla Cardoso ta Carolina, 'yar Burazil mai tsawon mita biyu, ita kaɗai a bayan layi, don ba ta taɓa cin jifa mai maki uku ba a duk zamanta na jami'a. Raven Johnson ta miƙa mata, ta jefa, ƙwallo ta bugi allo ta faɗa. 74 da 73. A takarda shawarar Tennessee daidai ce, amma da an sa mutum ɗaya ya ɗaga hannu a gabanta, da wuya ta samu natsuwar saitawa. Washegari a wasan ƙarshe da LSU, saura minti biyu da 'yan daƙiƙu, rikici ya tashi, Cardoso ta ture Flau'jae Johnson, 'yar wasan LSU, ta faɗi. Aka kori 'yan wasa shida, yawancinsu ba don sun taɓa kowa ba, sai don sun baro benci, dokar kuwa ba ta duban niyya. Cardoso da aka kora saboda faɗa ta rasa wasan farko na gasar ƙasa. Carolina ta ci 79 da 72, ta kuma gama shekarar da ci 38 ba faɗuwa. Ƙannena masu buga wasa a gida, ku riƙe wannan: a manyan ƙungiyoyi akwai mataimakin da aikinsa idan hayaniya ta tashi shi ne ya juya wa fili baya ya ware hannuwa ya tare benci.

Kada ku ɗauka ƙaramar lamba ba ta taɓa ci. A 2022 a Nashville, Kentucky ta shigo da lamba 7, ta ci wasa huɗu cikin kwana huɗu. A na ƙarshe an ba ta tazarar maki 15, ta biyo a hankali, Dre'una Edwards ta ci mai maki uku saura 'yan daƙiƙu aka tashi 64 da 62 a kan Carolina ta Kudu. Rabon Kentucky da kofin tun 1982. Shekara arba'in ke nan, kun ga irin wuyar abin. Ita kuwa Carolina da aka doke, bayan wata ɗaya ta ɗauki kofin ƙasa baki ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi muhimmanci: me ake samu da kofin nan? Gasar ƙasa ta NCAA ƙungiyoyi 68 ne tun 2022. A bana 31 daga ciki tikitin kai-tsaye ne, ɗaya ga duk wadda ta ci gasar gamayyarta. Sauran 37 wani kwamiti ne mai mutum 12 ke zaɓa, yana duba wa ka ci, a ina ka ci shi, da wa ya ci ka. A babbar gamayya irin SEC, wadda ta tura ƙungiyoyi takwas bara, Texas da ta faɗi yau ba ta rasa gurbi ba. Abin da manya ke nema a nan shi ne matsayi, domin ƙungiyoyi 16 na sama su ke karɓar baƙuncin zagaye biyu na farko a filayensu, gaban jama'arsu. Na tsakiya kuma, waɗanda ke bakin layi, nasara ɗaya ranar Alhamis tana iya shigar da su, faɗuwa ɗaya ta tura su ƙananan gasa irin WBIT ko WNIT. Saboda wannan lissafin ne LSU ta ajiye Flau'jae Johnson duk makon nan don ƙafarta ta warke. Sun auna, sun ga gasar ƙasa ta fi. Ina ganin sun yi daidai, ko da yake masu sayen tikiti ba za su ji daɗi ba.

A ƙananan gamayyoyi labarin ya sha bamban, kuma su ne suka fi ba ni tausayi. Can gurbi ɗaya tak ake samu. Ƙungiya ta yi wata huɗu tana cin kowa, ta zo ta yi mummunan zubi ɗaya a wasan kusa da ƙarshe, shi ke nan kaka ta tafi. Rena Wakama, kociyar D'Tigress da ta kai Najeriya zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Faris a 2024, a irin wannan gamayya ta yi wasa, a jami'ar Western Carolina da ke cikin duwatsun nan arewa da mu. Daga bana kuma kuɗi ya shigo lissafin: a Janairu NCAA ta amince a fara biyan gamayyoyi gwargwadon wasannin da ƙungiyoyinsu mata suka buga a gasar ƙasa, da asusun dala miliyan 15 a shekarar farko. Maza sun daɗe suna cin wannan gajiyar. Ga ƙaramar gamayya, tura ƙungiyar da za ta iya cin wasa ɗaya yanzu ya zama maganar kasafin kuɗi.

Iyaye da ke kallo, wannan fili ba baƙonmu ba ne. Evelyn Akhator daga Legas ta taso, ta buga wa Kentucky a wannan gamayya, aka ɗauke ta ta uku a zaɓen 'yan wasa na 2017 na WNBA, gasar ƙwararrun mata ta Amurka. Maganar sutura kuma, Bilqis Abdul-Qaadir ta buga wa Memphis da Indiana State da ɗankwalinta da dogayen hannu, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ma ta ɗage haramcin rufe kai a 2017. Sai dai gurbin karatun ba jifa kaɗai yake nema ba, sai da sakamakon sakandare da NCAA ta tantance.

Wanda ke nan Amurka yana son zuwa baɗi, an tsawaita zaman gasar a Greenville har 2028. Tikiti zama-zama ake sayarwa, zama ɗaya wasa biyu, a fitar da kowa a share zaure kafin na dare. Idan don kallon ƙwallo za ka zo, Juma'a ta fi: manyan huɗu duk suna fili, wasa huɗu a yini ɗaya. Laraba ta fi araha, kuma za ka zauna kusa har ka ji abin da kociya ke faɗa. Tikitin a waya yake, ka sauke shi tun daga masauki kafin cunkoso ya danne intanet. 'Yan'uwa mata ku lura, babbar jaka ba ta shiga, sai ta roba mai nuna abin da ke ciki ko 'yar ƙaramar pos. Otal kuma a kama da wuri, mutanen Columbia suna cinye ɗakunan tsakiyar gari. Bana gasar ta faɗo cikin azumi, kuma ba a shiga da abinci daga waje, don haka mai zaman dare ya shirya shan ruwansa kafin ya wuce ƙofa.

Masu bibiya daga Kano, Zinder ko Yamai, tazararmu da ku awa shida ce har zuwa jiya, daga yau ta koma biyar. Mutanen Kumasi da Tamale ku rage ɗaya. Yanzu waɗannan 'yan mata suna da kusan kwana goma sha biyu ba wasa, wanda shi ma matsala ce ta daban, don hutu mai tsawo yana gyara ƙafa amma yana sa hannu ya yi tsatsa. Kwamiti zai bayyana sunayen ƙungiyoyi 68 ranar Lahadi mai zuwa, 16 ga Maris, ƙarfe takwas na dare a nan, wato ƙarfe ɗaya na daren wayewar Litinin a Najeriya da Nijar. Wanda ya tashi sahur zai tarar jadawalin ya fito. Rana ta yi sanyi a nan, bari in nemi wurin shan ruwa. Sai mun haɗu a na gaba, in Allah ya yarda.